Wanda Ke Ƙasan Igiya

Da ƙafa Dogon Numfashi ya tura ƙofar tsohon gidan injin, kamar yadda ya saba tun hukumar ruwa ba ta da ko mota guda. Yau an share wurin, an shafa fenti, an jera hotuna a bango domin jama'a su ga tarihin hukumar. Biye da shi ƙanin matarsa ne, tela, wanda ya tsufa yana ƙaryata shi.

Tun a gida ya rantse a gaban matarsa: in babu shi a hoton ranar da aka buɗe babban kwalbatin ƙazanta, ya daina ba da labarin aikinsa har ya koma ga Allah. Mutum kuwa irinsa, da ƙasa ta rufta da shi ya fito, iskar rami ta bugar da ƙarti ta bar shi tsaye, in aka raba shi da labarin nan me ya rage masa?

Ma'aikaciyar da ke zagayawa da baƙi ta kai su gaban hoton. Manya ne a jere da huluna, leburori a gefe, kowa ya washe baki. Tela ya sa tabarau, ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya sake dawowa.

"Mijin yaya, ko lokacin ba a haife ka ba?"

"Duba da kyau, makaho."

"Na duba. Har akuya na gani a baya, kai ne dai babu."

Dogon Numfashi ya matso ya duba da kansa. Bai iya karanta rubutun da ke ƙasa ba, amma fuska bai taɓa mantawa ba, tasa kuwa babu ita. Har ya juya zai tafi, sai idonsa ya faɗa can gefen hoton. Ga Gajere, abokin aikinsa, Allah ya jiƙansa, durƙushe a bakin rami, igiya naɗe a hannunsa, ta miƙe tsaf zuwa ƙasa.

"'Yata, kowa yana kallon mai hoto. Wannan me ya hana shi?"

"Wataƙila kunya yake ji, Baba."

"Gajere? Kunya?" Ya tuntsire da dariya har da tari. "Dokarmu ce. Mai riƙe igiya ba ya ɗaga kai in akwai mutum a ƙasa, ko wane ne ya zo. Ranar nan manya sun murɗa famfo, ruwa ya ƙi tafiya, katakon magina ya toshe hanya. Wa aka zura? Wa ke da numfashin?"

Ya yaye rigarsa a gaban jama'a. Ga tabon igiya ya zagaye ƙugunsa, baƙi kamar ɗamara.

"Suna murmushi a sama, ni ina ƙasa har wuya. Da na saki katakon, ruwa ya ɗebe ni, wannan bawan Allah ya riƙe."

Tela ya dubi tabon, ya dubi igiyar, ya cire tabaransa.

"To, amma dai fuskarka ba ta fito ba."

"Garin ya daina wari ko bai daina ba?"

Ma'aikaciyar ta ɗaga wayarta. "Baba, tsaya kusa da hoton in ɗauke ka, a liƙa a gefensa. Kalle ni nan."

Ya gyara hula, ya banƙare ƙirji. Amma da ta danna, Gajere yake kallo.