Koren Akwati

Tun daga ƙofar wayar da ta kewaye filin awon yanayi ta ji warin fenti. Ta ja ta tsaya, littafin rajista a hammata, tana kallon akwatin katakon da ma'aunin zafi yake ciki. Jiya da ta tashi aiki fari ne tas. Yau kore ne shar, har da ƙyalli.

Ta buɗe ta karanta ma'aunin, ta sake karantawa. Ya ɗara na jiya war haka da maki huɗu, alhali ranar jiya ce a sama, iskar ma ita ce. Ta rubuta abin da idonta ya gani. A gurbin ƙarin bayani ta ƙara da cewa: “An shafa wa akwati koren fenti da umarnin shugaban tasha. Kada a dogara da wannan adadi.”

Ta tarar da shugaban a ofis yana gyara zaman hularsa a gilashin taga, don Darakta na tafe daga hedikwata da ƙarfe sha ɗaya.

“Kin ga aiki ko, Farfesa?” in ji shi. Sunan da ya laƙaba mata ke nan tun ran da ta gyara masa lissafi a gaban mutane. “Kullum fari kamar likkafani.”

“Yallaɓai, farin ne yake korar zafin rana. Kore shanye shi yake yi. Yanzu ba iska muke aunawa ba, fentinka muke aunawa.”

“To ki rage huɗun a kanki mana. Ina ranar bokon?”

Ta buɗe littafin a gabansa. “Bismilla. Rage da hannunka, ka sa hannu a gefe.”

Ya janye hannu kamar an nuna masa kunama. Sai idonsa ya faɗa kan layin bayanin, wanda kwafinsa yake tafiya ma'ajiyar hedikwata duk ƙarshen wata. Fuskarsa ta canza.

Wata goma sha huɗu ke nan tana fita filin nan duk bayan awa uku, ko ana ruwa ko ana ƙwallelliyar rana, shi kuwa yana auna sama ta taga. Takardar tabbatar da ita a aiki tana cikin durowarsa, ƙarƙashin kwalin maganin ulsa, tana jiran sa hannunsa. Duk wayar da mahaifiyarta za ta bugo, ƙarshenta ɗaya ne: “'Yar nan, an sa hannu kuwa?”

Darakta ya iso da motoci uku. Ya zagaya filin da laima a kansa, ya tsaya gaban akwatin yana kaɗa kai.

“Wannan shi ne sanin darajar kayan gwamnati! A yi wa sauran tashoshi haka.”

“Ranka ya daɗe,” in ji ta, “akwatin nan ai…”

“Wace ce?” Darakta ya katse ta.

“Sabuwa ce, tana koyo,” in ji shugaban.

Aka ɗauki hoto, aka sha lemo, aka tafi. Littafin yana kan tebur, ko bangonsa ba wanda ya ɗaga.

Da ƙarar motocin ta ɓace, shugaban ya jawo durowa ya fito da takardarta. Ya shimfiɗa ta, ya ɗora bironsa a kai.

“Ke 'yata ce, ba na so ki yi wa kanki. Layi ɗaya ne. Soke shi, in sa miki hannu yanzun nan, ki kira tsohuwa ki faranta mata.”

Ta dubi takardar. Ga sunanta, ga shacin kwalin magani a gefensa. Ta ɗaga ido ta dubi agogon bango: sha biyu saura minti biyu, lokacin awo ya yi.

Ta miƙa hannu. Shugaban ya fara murmushi.

“Aron biro, yallaɓai,” in ji ta. “Nawa ya ƙare, layin kuma da tsawo, ga shi yanzu ma sai na sake rubuta shi.”

Ta saka littafin a hammata, ta fita cikin rana.