Wayar da Aka Kawo Taro

Ofishin Mudathir wani ɗan ɗaki ne a bayan tashar Magama, dab da shingen kan iyaka, inda manyan motoci ke jeruwa suna jiran a buɗe musu hanyar Maraɗi. A nan ya haɗa manhajar da ya fi alfahari da ita. Ba ta da wani ado, jan maɓalli ɗaya ne kawai. Idan haihuwa ta zo da gardama a ƙauye, ungozoma ta danna shi, sai wayoyin direbobin tasha su ɗauki ƙara da sunan garin, wanda ya fi kusa ya je ya kai mai naƙuda asibiti. Kiran waya a yankin nan ba abin dogaro ba ne, rabin lokaci layin Nijar waya ke kamawa, amma ɗan saƙon manhajar yakan lallaɓa ya wuce.

Shekara uku ana cin moriyarta, sai ginshiƙin da ya ɗora ta a kai ya tsufa. Ginshiƙin nan shi ma wata manhaja ce, aikin wasu masana na can nesa, suna sabunta shi lokaci-lokaci, ba ruwansu da wane ne Mudathir. Tsohuwar siga tana aiki a kowace tsohuwar waya, amma a sababbin wayoyin direbobi ƙarar ta fara maƙalewa. Sabuwar siga tana tashin sababbin wayoyi tsaf, sai dai duk wayar da ba ta kai Andiroid na takwas ba, ko kallonta ba ta yi. Ya riƙe biyun tare kuwa aiki ne ninki biyu, shi kuma mutum ɗaya ne, ga ƙiwa irin ta masu ilimi, wadda suke kira dabara.

Ya ce ba zai yi shaci-faɗi ba, sai ya gani da idonsa. Ya sa Sakinatu, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da ungozomomin, ta aika musu cewa kowa ta zo da wayarta ranar Laraba, za a duba.

Suka zo su talatin da ɗaya, daga Gangara, Riko, Mazanya da ƙauyukan bayansu, kowa da lulluɓin unguwa. Mudathir ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Duk sun kai na takwas ɗin, wasu ma sun fi tasa. Yana dubawa yana saka musu sabuwar manhaja, ransa fari tas.

Sakinatu ta matso ta ce a hankali, "Malam Mudathir, wayoyin nan fa sun yi kyau da yawa."

"To kyau laifi ne?" ya ce yana dariya. "Mutanenmu sun ci gaba, ke ce ba ki sani ba."

Abin haushin, Mudathir ɗan nan Jibiya ne, a nan aka yanke masa cibi. Ya ga mahaifinsa na aron babbar riga in za shi gaban hukuma, ya ga gyatumarsa na aron kwanuka ranar suna. Ya san babu dattijuwar da za a ce ta kawo kayanta a duba, ta kwaso tsumma ta ajiye gaban jama'a. Amma lissafin ya fito yadda yake so, shi ya sa bai ƙara tambaya ba. Bayan mako biyu ya rufe hanyar tsohuwar manhaja, ya huta.

Ran wata Asabar da la'asar, bayan an ɗauke ruwa, Sakinatu ta shigo ofishin ba sallama. Ta ce wata yarinya mai suna Rabi, a wani ƙauye bayan Mazanya, tana naƙuda jini ya ɓalle mata tun hantsi. An rasa mota, aka ɗora ta a amalanken shanu cikin taɓo, ba ta kai bakin kwalta ba rai ya yi halinsa. Abin da ke cikinta ma bai zo da rai ba.

Mudathir ya buɗe na'urarsa. Babu wani kira daga can a ranar. Ga sunan ungozomar garin, Hasiya, ga alamar cewa an saka mata sabuwa. Ya ji sanyi-sanyi a ransa, wanda daga baya ya ji kunyarsa: ashe ba ta danna ba ne.

Bayan sadakar uku sai ga Inna Hasiya da kanta, tsohuwa doguwa mai rawar murya. Ta ƙi hawa kujera, ta zauna a ƙasa, ta kwance bakin zane ta fito da wata 'yar waya mai tsagaggen gilashi, an ɗaure ta da roba.

"Ɗana, na zo ne ka yahe mani," ta ce. "Na ɓata maka aiki. Na danna, na danna, sai wani rubutu ka hitowa, ni ko ban iya karatu ba. Hannuna duk jini ne sa'annan. Ina jin shi ya shiga cikin wayar ya kashe ta."

Ya karɓa ya kunna. Jan maɓallin na nan, tsohon. Ya danna, rubutun da shi da kansa ya tsara ya fito, wai a sabunta manhaja. Wayar Andiroid na shida ce.

"Inna, wannan kika kawo ranar taro?"

Ta sunkuyar da kai. "Wanga abin zan kawo gaban mutane? An ce dubawa za a yi. Muka ce duk mai ruɓaɓɓar waya cire ta za a yi daga aikin. Ta surukina Lado na ara, ya tahi Maraɗi da abinshi tun washegari."

"Ke kaɗai kika yi aro?"

"Mi kake hwaɗi? Ai waɗanda suka zo da nasu ba su kai goma ba."

Mata sama da ashirin kenan ke yawo da maɓallin da ba ya kiran kowa, ga damina, hanyoyi duk sun lalace. A take ya juya ya buɗe tsohuwar hanyar. Aikin bai ɗauke shi minti goma ba, kuma wannan saurin ne ya fi komai yi masa ciwo.

Ya durƙusa gabanta. "Inna, wayarki lafiyarta ƙalau. Ba jini ba ne. Ni na rufe hanya daga nan, da hannuna. Laifina ne."

Ta kalle shi, ta girgiza kai.

"Allah shi yi maka albarka, kana da kunya. Amma kar ka ɗauki kayana ka aza ma kanka. Ni na san abin da na yi."

Ya rantse, ya sake bayani, ya kira Sakinatu ta shaida. Tsohuwar ta saurare su da haƙuri irin na wanda ake lallashi. Da suka gama ta miƙe, ta bar wayar a kan teburinsa.

"A ba wata mai hankali," ta ce. "Shekara arba'in ina karɓar haihuwa, ni na karɓi Rabi da kanta. Na daina."