Samobar Ɗin da Ya Je Faris

Kanar Yevgraf Lukich ya ce Japanawa ba su ci Rasha da yaƙi ba. Ja da baya aka yi a fagen daga na Mukden, irin wanda kakanni suka yi wa Faransawa a 1812, sai dai Japanawa ba su san ƙa'ida ba, suka ƙi biyo su har Mosko inda sanyi zai gama da su. Tun da ya dawo gida garin Kaluga da sanda da tari, zancensa ke nan. Sauran hafsoshi kuwa sai gyaɗa kai, don kowannensu ya ja da bayan, wasu ma a guje.

Ƙanwarsa Glafira, wadda ke riƙe masa gida, ba ruwanta da wanda ya ci wani. Ita dai samobar ɗinta, ƙatuwar tukunyar shayin nan ta tagulla da ta shekara ashirin tana hura wa gawayi. To ga shi hafsoshi za su buɗe ɗakin tarihi don tuna korar Faransawa. Wani ya kawo takobi, wani ya kawo maɓallin riga guda ɗaya, Kanar kuma ya yi musu alkawarin samobar.

"Kakanmu ne ya ɗaura shi a bayan doki tun daga fagen yaƙin Borodino har Faris," in ji shi. "Janar-janar uku sun sha shayinsa."

"Yaya, kakanmu fa kabeji yake sayarwa."

"Bayan ya dawo ne wannan!"

"Samobar ɗin ma Mama ce ta saya, kana can bariki kana koyon murza gashin baki."

"Glasha," in ji shi, da sunan da yake kiranta a gida, "mata ba su san tarihi ba."

"To da me zan dafa maka shayi? Da maɓallin?"

Ya ce a saka butar ƙarfe a wuta, ƙasa ta fi shayi. Ya kuma hana ta goge samobar har wata guda. Da ya yi baƙi ƙirin, sai ya riƙa shigo da baƙi yana nuna musu hayaƙin Borodino. Wani kyaftin har ya sunsuna, ya ce lallai akwai warin albarushi. Glafira ta san warin soyayyiyar albasar ranar Laraba ne, amma ba a tambaye ta ba.

Ranar da za a zo ɗauka, ta daka guntun jan bulo ya yi laushi, ta jiƙa tsumma da ruwan tsamin kabeji. Ba ta karya dokar Yaya duka ba. Wuri ɗaya ta goge, faɗin tafin hannu, daidai saman famfon, inda maƙeran garin Tula ke buga hatiminsu. Sannan ta cika samobar ɗin da ruwa, ta zuba gawayi.

Manjo Tit Osipovich, mai tattara kayan tarihin, ya iso da keken doki da bargon naɗewa. Kanar ya tarbe shi da lambobin yabonsa duka a ƙirji.

"Tit Osipovich, cire hula. Wannan ya ga Faransawa da idonsa."

Manjo ya cire hula, ya sunkuya. Inda ke ƙyalli ido ke zuwa, nasa ma can ya je. Ya laluba aljihu ya ɗauko tabarau.

"Akwai rubutu, Yallaɓai."

"Sunan kakana ne, na tabbata. Karanta da ƙarfi, mai musu ta ji!"

"Sukari nawa, Manjo?" in ji Glafira, tana jera kofuna uku.

"Biyu, Glafira Lukinichna, na gode." Ya goge tabarau da bakin bargon, ya sake dubawa, ya kalli Kanar, sannan ya naɗe bargonsa ya soke a hammata. Da yake an ba shi umarni, sai ya ƙame ya karanta da ƙarfi:

"Lambar yabo, bajekolin Mosko, shekarar 1882."