Rabin Ayaba Ranar Talata

Ni mai faci ne. Shekara goma sha huɗu ina ɓalle tayar tirela daga ƙarfenta, saboda haka hannuna ba na shafa kan yara ba ne. A asibiti ma nan da nan suka gane haka. Ranar farko da za a yi wa 'yata allurar baya, babbar nas ta dubi hannun uwarta, ta dubi nawa, ta ce, "Malam, kai za ka shigo."

'Yar tawa shekararta shida, kansar jini gare ta. Lauya muke ce mata a gida, don ba a taɓa aikenta ta tafi ba tare da ta ji dalili ba. Allurar bayan kuwa, kwantar da yaro ake yi ta gefe, a haɗa gwiwarsa da haɓarsa, a soka doguwar allura tsakanin ƙasusuwan bayansa a zuba magani. Sharaɗi ɗaya ne, kada ya motsa. Aikina ke nan. Sau uku na danne ta, kuma gaskiya na iya. Har yaba mini likitarta ta yi.

Tun daga na ukun Lauya ta yanke mini hukunci. Ba ta zage ni ba, ba ta yi mini rashin kunya ba, magana kawai ta daina yi da ni. In tana da saƙo sai ta bi ta wajen uwarta: "Mama, ki ce wa mijinki ya matsa, ya tare mini fanka." In na miƙa hannu zan gyara mata hula, sai ta ja jiki zuwa ƙarshen gado, ta ja sandar ƙarin ruwanta ta tafi da ita. Wata biyu muna haka. Ba na jin kunyar faɗa, abin ya ci ni fiye da ranar da aka gaya mini sunan ciwon.

Sai aka ce an sami likitan barci. Duk Talata zai riƙa zuwa ɓangaren yara daga takwas zuwa sha biyu, ya sa wa yaro magani ta jijiya, yaro ya yi barci, a gama allura bai sani ba. Ba danniya, ba ihu. Lauya ce ta huɗu a layi. Babbar nas ta karanta mana doka sau biyu, kamar mai karanta wa kurame: awa shida kafin allura kada abinci ya shiga cikin yarinya, ruwa ma a tsayar da shi in saura awa biyu. Ta ce mai irin wannan barci in ya yi amai, cikin huhu yake komawa, kuma daga nan ba kowa ke farkawa ba.

Duk gidanmu mun san inda matsala za ta ɓullo. Surukata, Kaka, ba ta taɓa ganin bakin jika a rufe ta ƙyale shi ba. Ni da kaina na yi mata wa'azi a mota. A ƙofar asibiti matata ta caje jakar uwarta tsaf, ta zaro biskit daga cikin safa, ta zaro ayaba ɗaya daga cikin ɗankwali. Biskit ta ba maigadi. Ayabar kuma ta duba wanda ya fi kowa hankali a cikinmu, ta sa mini a aljihu.

Wajen ƙarfe tara matata ta tafi karɓo fayil, Kaka ta shiga banɗaki. Muka rage ni da Lauya a kan bencin jira, tsakaninmu gurbin mutum biyu. Ina kallon takalmina na ji an ce, "Baba."

Na waiwaya in ga ko da wani uban take.

"Baba, cikina yana ƙugi. Saurara ka ji."

Ta matso. Ta kamo hannuna, wannan hannun dai, ta ɗora a cikinta. Ban ji ƙugi ba, ƙasusuwa na ji.

"An hana," na ce.

"Yaron da ke ciki na biyu ne. Kafin a zo kaina ayabar ta narke. Rabi kawai, rabin naka ne."

Na san dokar, har da dalilinta, don ni na koya wa Kaka. Na ɓare ayabar. A hannuna ta ci, gutsure uku, ta bari na share mata baki da babban yatsana. Sauran rabin na cinye, ɓawon na tura cikin safata.

Sha ɗaya saura aka kira mu. Likitan barcin gajere ne, idanunsa a lumshe, kamar shi ya fara ɗanɗana maganin. Ya tambayi yaushe rabonta da abinci. Matata ta ce tun jiya da yamma. Kaka ta ce ita kada ma a dube ta, har safa aka caje mata. Ya sunkuya wajen yarinyar.

"'Yan mata, kin ci wani abu yau?"

"Ko ruwa," in ji Lauya. Ta dube ni ta gefen ido, irin kallon da ɓarawo ke yi wa ɗan'uwansa a gaban alƙali. Wata biyu ban samu ko harara ba, yau ga ni an sa ni cikin ƙungiya.

Nas ta miƙo mini takarda da biro in sa hannu na yarda. Na riƙe biron. Ban san komai game da huhu ba, amma na san abin da ke faruwa in bawul ɗin taya ya toshe iska ta ƙi shiga.

"Likita, ta ci ayaba."

"Nawa?"

"Rabi."

"Ƙarfe nawa?"

"Tara."

Ya rufe murfin sirinjinsa a hankali. Kaka ce ta fara samun baki. "Ayabata?" ta ce. "Ni aka tsayar a ƙofa kamar mai fasa-ƙwauri, ashe kura aka ba ajiyar nama." Matata ta kau da kai daga gare ni. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Likitan ya ƙirga awa shida da yatsu: sai ƙarfe uku. Shi kuma sha biyu yake komawa babban ɗakin tiyata, manya na jiransa har yamma, ba zai sake leƙo yara ba sai wata Talatar. Likitar Lauya ta ce an riga an haɗa maganin, kuma ranar allurar ba ta ɗaguwa mako guda, ciwon ba ya jiran kowa. Na roƙe su. Na ce rabi ne fa, kuma ƙaramar ayaba ce. Likitan barci ya ce ya ji daɗi da na faɗa, iyaye da yawa ba sa faɗa. Ya kira na biyar a layi.

Suka yi abin da za su iya. Nas ta shafa mata man kashe zafi a baya, ta manne da filasta, aka ce a jira awa ɗaya ya kama. Aka ba ta magani ta jijiya na rage raɗaɗi, wanda ba ya sa barci. Duk wannan yana taimakawa, in ji nas, amma ba ya hana yaro sanin abin da ake yi a bayansa. Awar nan Lauya ba ta dube ni ba. Ɓawon ayabar ya dame a safata, na ƙyale shi.

Da lokaci ya yi na tashi, na naɗe hannun riga. Wanda ya ɗebo da zafi, bakinsa. Babbar nas ta tare ni da hannu, ta durƙusa a gaban yarinyar, ta nuna wani dogon ma'aikaci mai tura gadon marasa lafiya da ke tsaye a bakin ƙofa.

"Lauya, dole wani ya riƙe ki. Babanki, ko wancan kawun? Ke za ki zaɓa."

Lauya ta ƙare wa mutumin kallo daga sama har ƙasa. Ba ta taɓa ganinsa ba.

"Shi."

Na ce to, daidai ne, na fara sauke hannun rigata. Sai ta ɗago kai, ni ta yi wa magana, ba uwarta ba.

"Ka tsaya a waje, Baba. In kai ka danne ni, sai na sake yin fushi da kai. Na gaji."

Aka tura ta ciki, uwarta ta bi su, aka rufe ƙofa. An shafe gilashin ƙofar da farin fenti, ba a ganin komai. Na tsaya. Wata mai shara ta iso da tsumman goge ƙasa ta ce in ɗaga ƙafa, na ɗaga ɗaya, na ɗaga ɗayar. A nan ihun ya fara.

"Taka ce?" in ji mai sharar.

"Tawa ce."

"Ai kai take kira. Shiga mana."

"Ita ta ce in tsaya a nan."

Ta dube ni, ta ja bokitinta ta yi gaba. Na matsa na kafa goshina a jikin ƙofar, na zuba hannuwana a aljihu don ban san inda zan kai su ba. Duk kiran da ta yi na amsa, da ƙarfi, yadda za ta ji ta cikin katako.

"Na'am. Ina nan. Na'am."