Auren Sailuba Ya Riga Ta Cika Sittin

Tun da mijinta Injiniya Maitama ya rasu, Hajiya Sailuba ba ta ƙara zama wuri ɗaya ta huta ba. Ta share gidansu na Fort Washington a Amurka, ta koma ta sake sharewa, ta ɗauki waya ta ajiye. Albashinta na gidan kula da tsofaffi ba ya riƙe gidan, kuma ta rantse ba za ta sayar da shi ba.

'Yarta Ilham ce ta kai ta ofishin fansho. Aka yi musu bayani dalla-dalla: in ta cika sittin za ta fara karɓar fanshon mijinta, nata kuma ta bar shi ya yi ta ƙaruwa har saba'in. Amma in ta yi aure kafin sittin ɗin, na marigayin ya wuce ta.

To, ashe mai nema na bakin ƙofa. Malam Ousmane ne, direban tasi ɗan Maraɗi, wanda ya shekara biyu yana kawo mata cefane wai hanya ce ta biyo da shi, alhali can nesa a garin Gaithersburg yake zaune. Tana son sa, ba ta ɓoye ba. Ta faɗa masa zancen fanshon, ta ce ya yi haƙuri zuwa ƙarshen shekara ta cika sittin, ya ce ko shekara goma ce. Don ta fita hakki, ta buga wa yayanta Sabo a Kano, ta ce in dangin Ousmane sun zo gaisuwa a karɓe su, ta amince. Zancen fansho kuwa ba ta ɗauko ba, wa zai tsaya yi wa Yaya Sabo bayanin dokar Amurka?

Wata Juma'a, saura 'yan makonni ta cika sittin, tana guga waya ta yi ƙara. Guɗa ta fara ji kafin murya.

"Sailuba, an ɗaura!" in ji Sabo. "Mutanen sun zo da goronsu da sadakinsu, ga liman, ga azumi ya matso. Na ce aikin alheri ba a jinkirta shi."

"Yaya, gaisuwa fa na ce!"

"To, ai sun gaishe mu."

Ta ajiye gugar ta zauna a ƙasa. Haushi ya kama ta, ga tsoro, ga kuma wani daɗi da ta ji kunyarsa. Ilham ta ce a yi shiru kawai, wa ya san abin da aka yi a Kano? Sailuba ta harare ta. Auren da aka shafa wa fatiha gaban jama'a za ta je ta ce babu shi?

Da la'asar Ousmane ya iso, ko hula bai sa ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza makullin mota.

"Hajiya, wallahi ban san mi sunka shirya ba. Na yi tunani a hanya. In kin yarda in sake ki yanzu, in kin cika sai a maida. Kar ki rasa gidanki sabili da ni."

Ta daɗe tana kallonsa.

"Malam, shekara talatin na yi a ɗakin miji, kunnena bai taɓa jin kalmar nan ba. Ba a ranar aurena zan fara jin ta ba."

"Gidan fa?"

"Ban sani ba," ta ce, hawaye na zubo mata. "Cire takalminka ka shigo."