Sandar Yakaka a Cikin Taɓo

Ranar da aka manna sanarwar fita dausayi a allon sashensu, Yakaka ce ta uku da ta rubuta suna. Ɗalibar labarin ƙasa ce, tana aji biyu a wata kwaleji a Haɗeja. Shan inna ya taɓa mata ƙafar hagu tun tana goye, don haka da sandar ƙarfe take dogarawa.

Malam Sunusi, jagoran tafiyar, ya kira ta ofis.

"Yakaka, wurin nan fa babu hanya. Daga Kirikasamma kwalekwale za mu shiga, sannan a taka taɓo har tudun da ake hango tsuntsaye. Ki yi zamanki, makinki na nan."

"Malam, ba maki nake nema ba. Shekara biyu ina zana dausayin nan a takarda, ban taɓa sa shi a ido ba."

Malam bai goge sunan ba.

Ran Asabar da hantsi su goma sha takwas suka cika kwalekwale biyu. Baba Fannami, wani dattijon masunci, ya ratsa da su ta siririyar hanya a tsakiyar kachala, ciyawar nan da ta fi mutum tsawo. Inda ruwa ya ƙare ya ce a sauka.

Takunta na farko, sandar ta nutse har rabi. Yakaka ta kifa, hijabinta ya yi dumu-dumu da laka. Ƙawarta Zulaihat ta ɗago ta.

"Hau bayana in goya ki."

"Sai mu nutse tare."

Malam ya ce Yakaka ta koma ta jira su wurin Baba. Sauran suka yi gaba, Zulaihat kaɗai ta ƙi tafiya. Yakaka ta zauna a bakin kwalekwalen. Can idonta ya sauka kan silifas ɗinta da ya fice lokacin faɗuwar. Yana nan kwance a saman taɓon, ko kaɗan bai nutse ba.

"Baba, ko akwai igiya?"

Ya yanko mata daga wata tsohuwar komar kamun kifi. Ta ɗaure silifas ɗin tamau a gindin sandar, ta dogara a hankali. Sandar ta ɗan shiga, ta tsaya.

"Madalla, 'yata," in ji Baba Fannami. "Ki bi inda ciyawa ta fito, ƙasar can ta fi ƙarfi."

Tafiyar da 'yan ajinsu suka yi a minti ashirin, ita sai da ta haura awa guda. Sau biyu igiyar tana kwancewa. Ɓawon katantanwa ya yanke ta a tafin ƙafa, ta ƙi tsayawa ta duba. Zulaihat na gefe riƙe da jakunkunansu.

Da ta hau tudun, sai ga ruwa shimfiɗe iya ganinta, tsuntsayen kirinjijiya sun rufe shi baƙi ƙirin, agwagin dinya na kiwo a gefe. Malam Sunusi ya miƙa mata madubin hangen nesa. Don gajiya, sai da ta jingina da kafaɗar Zulaihat kafin ta iya dubawa. Ta daɗe ba ta sauke shi ba.

"Saura rabin awa mu juya," in ji Malam.

Yakaka ta sha ruwa, ta ɗaure yankan da gefen ɗankwalinta, ta ƙara tsuke igiyar.

"To Malam, ni bari in yi gaba. Kwa same ni a hanya."