Makullin Shagon Baba

Shekara ashirin da uku Babana ya yi yana ba da hayar fina-finai a shago ɗaya, tsakanin mai aski da mai gyaran takalmi. Da kaset ya fara, ya koma faifai, har sunansa ya ɓace, kowa sai Mai Faifai. Shagon gadonsu ne shi da ƙanensa, Baffa, amma Baffa direban babbar mota ne, bai taɓa sa baki a harkar ba.

Ina yarinya, da la'asar sai an yi layi har bakin kwata. Mutum zai shigo bai buɗe baki ba, Baba ya miƙa hannu ta baya, ko waiwaye babu, ya zaro masa abin da ya dace da shi. "Wannan akwai kuka, ka sayi hankici a hanya," in ji shi, shago ya ɗauki dariya.

Sai fim ya koma cikin waya. Ba wanda ya yi faɗa da Baba, zuwa kawai aka daina. Tsofaffin abokan cinikinsa sukan ɗaga masa hannu daga titi, idonsu na kan waya. Shi kuwa kullum da safe sai ya buɗe, ya share, ya bi faifan nan ɗaya bayan ɗaya yana hura musu iska yana gogewa da tsumma.

"Mai Faifai, yau mutum nawa?" mai aski yakan tambaya.

"Biyu. Ni da ƙuda."

Ana nan ciwon baya ya sauke Baffa daga mota, ga 'ya'ya shida. Ya zo gida ya ce a mai da shagon na kayan waya, caja da batir da gilashi.

"Waya ta kashe ni, kuma ni zan share mata wurin zama?" in ji Baba.

"Yaya, gawa fa kake gadi."

Baba ya nuna masa ƙofa.

Bayan wata biyu aka kwantar da Baba a asibiti za a cire masa yanar ido. Ni nake jinyarsa, don haka ni ya danƙa wa wayarsa da makullin shago. Yana ɗakin tiyata Baffa ya same ni a baranda, yana dafe da ƙugu.

"'Yata, ba ni makullin nan. Ke ma kin san gaskiya. Haƙori ne ya ruɓe, mai shi ba zai cire da kansa ba."

Na tuna Inna tana ɗinki har yatsunta su kumbura don a ɗora tukunya. Na buɗe jaka na ba shi.

Likita ya ce Baba ya zauna a ɗaki kwana goma, ban da ƙura, ban da hayaƙi. Cikin kwanakin nan Baffa ya ɓalle kantoci, ya sa aka yi fenti ruwan ɗorawa, ya kawo akwatin gilashi. Faifan kuwa, Baffa ya ce kowa ya ɗiba kyauta, ba wanda ya tanka. Ko mai sayen gwangwani juya su ya yi ya ce ba ƙarfe a ciki. Aka loda su a motar shara.

Ran da aka cire masa bandeji, Baba ya ce in raka shi ya ga shagonsa da sabon ido. Na bi shi. Wallahi wuce shagon ya yi bai gane ba, sai da ya ga mai aski ya fito ya tsaya, almakashi a hannu, kai a sunkuye. Baba ya dawo da baya. Baffa na bayan gilashi yana jera caja.

"Ina kayana?"

"Yaya, zauna mu yi magana."

"Ina kayana?"

"Suna bola."

Na riƙe hannunsa, ya fizge. Ƙafa muka taka har bayan gari. Mun tarar an cinna wa bolar wuta tun jiya, baƙin hayaƙi na tashi, warin roba har maƙogwaro. Ina roƙonsa ina kuka, "Baba, idonka!" Ko jina bai yi ba. Ya shiga yana tona toka da hannu. Abin da ya fito da shi dunƙulen roba ne da ya narke ya haɗe, sai 'yan kwalaye da wuta ta ci rabin fuskokin da ke jiki. Ya daɗe yana juya su, sannan ya ajiye a hankali, muka koma.

Kwana uku idon ya kumbura ya fara ruwa. Likita ya yi faɗa, ya yi iya ƙoƙarinsa, amma idon ya tafi. Ɗayan ma dama dishi-dishi yake gani, Baba ya ce ba mai sake taɓa shi.

Shagon Baffa ya karɓu. Duk wata yana aiko da buhun abinci, Inna ta karɓa ta ƙofar baya ta juye a wani buhun. Shekara biyu ke nan wa da ƙane ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Ni kuwa bai taɓa ce mini komai a kan makullin ba. In na je ranar hutuna, nakan same shi a kan tabarma ya fuskanci bango. Zai amsa gaisuwa, ya tambayi mijina, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai ya ce, "To, ki tafi kar dare ya yi miki."

Alhali ko azahar ba a kira ba.